Ɗumin Kujerar Direba

Babanmu bai taɓa kiran sunan Yaya ba. Yaya ɗan fari ne, Baba kuwa irin mutanen dā ne masu kunyar ɗan fari har tsufa. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya haɗa ido da shi. In yana da magana da shi, ni zai kira, ko da Yaya na tsaye a gefe yana jin komai.

"Ke, ki ce ma yayanki gobe za mu Kamba."

Sai in juya in maimaita wa mutumin da ya riga ya ji, shi kuma ya ce mini, "To." Ni ce auta, kuma Allah ya yi ni da baki. Tun ina ƙarama nake wannan aike, tun ina ƙarama kuma yake ba ni haushi. Na sha ce wa Inna wata rana zan yi yaji in bar su su san yadda za su yi. Sai ta ce in rufa mata asiri, domin ita ma kunyar tasa take ji, ko abinci ba ta miƙa masa da hannunta.

Baba fataucin shinkafa da busasshen kifi yake yi. A shekarar da na gama makarantar horon malamai na dawo Bagudo ina jiran aiki, ya sayi mota, tsohuwa 'yar ƙasar Turai da aka shigo da ita ta Kwatano, mai dogon baya da ke cin buhuna. Baba ya iya tuƙi, amma idonsa ya fara rauni, saboda haka Yaya ne direba. Baba a baya yake zama. Su je Kamba, su je Tsamiya, su je Sharabi su dawo, ba mai ce wa wani uffan. In Baba na son a tsaya, sai ya ce wa iska, "Akwai masallaci nan gaba," Yaya ya taka burki. Duk da haka tafiyarsu na kyau, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi ƙorafi ba.

Baba na son motar nan ƙwarai. Da ya dawo sallar asuba zai ɗauki tsumma ya bi ta ciki da waje, har 'yan maɓallan da ba wanda ya san amfaninsu sai ya goge. Inna ta ɗinka wa kujerun riga da wani tsohon bargo mai kauri. Motar na kwana a wata rumfar kwano kusa da zaure, daf da ƙofar ɗakin Yaya wadda ke kallon waje.

Da damina ta kankama motar ta tsiro da wani hali. Da safe Yaya zai murɗa makulli, ta yi wani ɗan tari ta yi shiru. Sai an tura. In ta tashi kuwa, yini za ta yi tana aiki lafiya lau, a kashe a tayar ba gardama. Washegari a koma gidan jiya. Da farko maƙwabta na zuwa turi da raha, daga baya na lura wasu sun sauya hanyar dawowa daga masallaci. Ni ma na tura, da zane, a cikin taɓo. Mai sayen kifi kuma in ya makara zuwa kasuwa, ragowar wasu yake tararwa, saboda haka ran Baba a ɓace yake fita kullum.

An kai ta wurin makanike a tasha. Ya ƙara ruwan batir, ba ta daina ba. Ya sa a caji, ba ta daina ba. Aka sayo sabon batir, ya yi 'yan kwanaki shi ma ya bi sahu. Ya duba dinamo mai caja batir ya ce yana ba da wuta yadda ya kamata. Daga ƙarshe mutumin ya goge hannu ya ce, "Alhaji, batir lahiya lau, dinamo lahiya lau. Wani abu na shan wutagga da dare. Ko ana barin hitila kunne, ko wani na shiga motagga."

Ba wanda ke barin fitila a kunne, wannan Baba ya tabbatar da idonsa. Sai rabin maganar na biyu ya zauna masa a rai.

Dole in faɗi abin da ke cikin zuciyar Baba a lokacin, don kada a ɗauke shi mugun mutum. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san akwai hanyar rana akwai hanyar dare. Samari na loda jarkokin fetur su bi daji zuwa ƙetare, fitila a kashe, su dawo kafin gari ya waye. A shekarar da ta gabata ɗan maƙwabcinmu ya kife da irin wannan lodi, wuta ta kama. Baba na cikin dattawan da suka je ɗauko abin da ya rage, kuma ya yi kwanaki bai iya cin nama ba. Mamacin nan abokin Yaya ne tun suna yara.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, Baba ya ce bari ya gwada tayar da ita da kansa. Ina shara a tsakar gida na ji ya kira ni da wata murya da ban saba ji ba. Na same shi tsaye a bakin motar, ƙofar direba a buɗe.

"Aza hannunki nan."

Na ɗora hannu a kan kujerar. Da ɗumi, kamar yanzu mutum ya tashi daga kai. Na taɓa ta gefe, sanyi ƙalau. Na taɓa na baya, haka.

"Wa yaz zauna nan?" in ji Baba.

Na ce ban sani ba. Na zagaya na taɓa bonet, na ce masa ai ga shi da sanyi, in da an fita da ita da injin ya yi zafi. Ya ce ruwan sama ya sanyaya shi. Na ce to a duba mai. Ya ce masu jigilar fetur ba za su rasa abin cikawa ba. Duk abin da na kawo yana da amsarsa. A ranar ya sa na karɓo makulli daga wurin Yaya. Yaya ya ba ni bai tambayi dalili ba, Baba ya sa shi a ƙarƙashin matashinsa.

Washegari batir ya mutu, kujera da ɗumi.

"Ya yanka wani makulli," in ji Baba. Muna tsaye a zaure, Yaya na daga bakin ƙofa da bokitin wankin mota a hannu. Baba ya juya masa baya ya ce mini, "Ki ce mai, in hanyad dare yaz zaɓa, ba daga gidana za a hita da gawatai ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ga shi nan tsaye. Ka tambaye shi mana, ɗanka na."

Inna ta leƙo daga tsakar gida ta watsa mini harara. Baba bai ko kalle ni ba, ya shige ciki. Na juya wurin Yaya na ce ya gaya mini gaskiya, don Baba na tambayar ɗumin wa yake tararwa a kujerar direba kowace safiya. Ya ajiye bokitin. Sannan ya ce, "Ba ni na ba." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na kai wa Baba, Baba ya ce, "To na wa na?" Na komo da wannan, Yaya bai ba ni abin da zan mayar ba. Kafin azahar ya ɗaure kayansa ya tafi Lolo, wurin kawunmu ƙanen Inna, wanda ke su a bakin kogi.

A yammacin ranar Baba ya fara wata sabuwar dabara. Da magariba ta yi sai ya kwance batir ya rungume shi ya kai ɗakinsa, da safe ya mayar. Mota ta riƙa tashi bugu ɗaya, kujera kuma ba ɗumi.

"Kin gani?" in ji shi. "Tun da yat tahi abin yad daina."

Na ce, "Baba, batir na kwana ɗakinka, mi za ya sha mai wuta?"

Ya ce gardama kawai aka koya mini a makaranta. Na yi fushi da shi sosai a kwanakin nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Amma ina ganinsa. Ya rame. Yana tuƙi da kansa a hankali, hancinsa kusan a jikin gilashi, masu babur na wuce shi suna masa hon. In ya dawo sai ya tsaya a bakin rumfar ya kalli ƙofar ɗakin Yaya da ke rufe, sannan ya sunkuya ya hau kwance batir. Inna kuwa ba ta daina kwasar tuwon Yaya ba. Sai ta kwashe ta rufe, sannan ta tuna, ta ce in kai maƙwabta. Ba ta taɓa ce wa Baba komai a kan maganar ba, kuma wannan shirun nata ya fi komai cin raina.

Ana haka har shinkafa ta fara fitar da kai a fadama. Wata rana Baba ya dawo daga Geza da yamma, ruwa ya yi masa duka wajen lodi, zazzaɓi ya rufe shi. Ya kashe mota ya shige ɗaki ya kwanta, batir bai ko tuna da shi ba. Da safe ya aike ni in ɗauko masa maganinsa da ya manta a gaban mota. Na buɗe ƙofar direba, na dafa kujera don in miƙa hannu. Ɗumi.

Na koma na ce masa ya taso. Ya fito lulluɓe da mayafi, ya ɗora hannunsa a wurin. Ya daɗe bai ɗauke ba. Ya murɗa makulli, motar ta yi tarin nan nata ta yi shiru.

"Ko yayanki ya zaka da dare?" Ya faɗa ne a hankali, kuma daga muryar na san shi kansa bai yarda ba.

Na ce, "Daga Lolo, Baba? Cikin ruwan jiya? Don shi zauna kujera shi koma?"

Wani maƙwabcinmu da ya zo duba shi ya ji labari, nan take ya ce aljanu ne, a nemo turare. Na ce masa aljanin da bai san kujerar baya ta fi daɗin kwanciya ba, ba wani aljanin kirki ba ne. Baba bai yi dariya ba, bai kuma nemi turare ba.

Wani direba a tasha ne ya ba shi labarin wani mai gyaran waya da ke zuwa Tsamiya ranar kasuwa, mutumin Dandi daga ƙetare, wanda ya san kan motocin Kwatano. Da Baba ya ɗan ji sauƙi aka tura mana mota, na bi shi don in riƙa duba masa hanya. Muka haye gada, muka bi ta gonakin shinkafa da dawa, muna kauce wa ramuka, har muka isa.

Mutumin na zaune ƙarƙashin wata bishiya a bayan kasuwa, kayan aikinsa a cikin tsohuwar jakar makaranta. Dattijo ne mai fara'a, Hausarsa da ɗan karkace. Baba ya ce masa batir na mutuwa da dare, bai ƙara komai ba. Mutumin ya ce a kashe mota, a zare makulli, a rufe ƙofofi duka. Ya kwance kan batir ɗaya, ya ɗauko wani ƙaramin ƙwan fitila mai wayoyi biyu, ya haɗa ɗaya a jikin batir, ɗaya a jikin wayar da ya kwance. Ƙwan ya kama, fes.

"To, Alhaji, ka gani. Mota kashe, makulli hannunka, amma wuta na tahiya. Yanzu mu ga ina take zuwa."

Ya ba ni ƙwan in riƙe, ya ce in faɗa masa in ya mutu. Ya buɗe wani ɗan akwati cike da fis kala-kala, 'yan abubuwan da wuta ke bi ta cikinsu zuwa kowane sashe na mota, ya riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya. Ya zare, ya dube ni, in ce yana nan, ya mayar ya zare na gaba. Na fitilu, na rediyo, na hon, duk ƙwan bai ko ƙifta ba. Baba na tsaye a rana, an ba shi benci ya ƙi zama. Can wajen ƙarshen layi mutumin ya zare wani, ƙwan ya mutu a hannuna.

Ya mayar, ƙwan ya kama. Ya sake zarewa, ya mutu. Sai ya yi murmushi, ya buɗe ƙofar direba, ya yaye rigar da Inna ta ɗinka, ya cusa kai ƙarƙashin kujerar. Ya fito da wata waya a hannu yana dariya.

Ya ce a ƙasar da aka yi motar sanyi ake yi mai kashe mutum, shi ya sa suke shimfiɗa waya a cikin kujera don ta ɗumama bayan direba. Ya nuna mana wani ɗan maɓalli kusa da giya mai hoton kujera, wanda duk mun ɗauka na gyara zama ne. Ya ce wani ya danna shi, wataƙila wajen goge-goge. A ƙa'ida in an zare makulli ya kamata abin ya mutu, amma wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana, wanda aikinsa ya buɗe wa wuta hanya ya kuma rufe, ya maƙale a buɗe. Da rana ba mai ganewa, don kowa gumi yake yi. Da dare kuwa kujera ta kwana tana shan batir.

"Ga zahin ƙasarmu, ita ko tana ta hura ma direba wuta," in ji shi, yana ta dariya, domin bai san komai game da gidanmu ba.

Baba ya ce, "Ke nan ko ba kowa ciki, kujerag ga na ɗumi?"

"Ko ba kowa, Alhaji. Ai in da wani na tuƙa ta da dare, da batir cike za ka ishe shi da sahe."

Baba ya nemi bencin nan ya zauna. Mutumin ya yanke wayar ya naɗe bakinta, ya mayar da komai, ya sake gwada ƙwan bai kama ba. Ni ina kallon Baba. Na zaci zan ji daɗin gaskiyata ta fito, amma tausayinsa ne ya kama ni.

Da muka fito daga Tsamiya bai ɗauki hanyar gida ba, ya karya ta Lolo. Mun isa bayan la'asar. Kogi ya cika ya kawo har gindin itatuwa, mata na ƙyafe kifi, hayaƙi ko'ina. Muka hango Yaya a bakin ruwa yana gyaran komar kamun kifi tare da Kawu. Ya yi baƙi, ya rame shi ma. Da ya gan mu ya saki komar ya taho ya durƙusa daga ɗan nesa, kamar yadda ya saba.

Baba ya gyara murya ya ce mini, "Ki ce mai..."

Na ce, "A'a, Baba. Wagga ba ni ɗauka."

Ban taɓa ƙin aikensa kai tsaye ba sai ranar. Na ja baya na tsaya kusa da Kawu. Baba ya tsaya shi kaɗai, yana kallon ruwa, yana murza bakin rigarsa. Na ɗauka zai koma mota. Sai na ji ya ce, idonsa har yanzu a kan kogi, "Laihin mota na. Ba kai na ba. Na ɗauki alhakinka."

Yaya ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Ba komi, Baba." Kawu ya juya ya hau kiran wani mai kwalekwale da bai da wata magana da shi. Shi ke nan abin da aka yi. Yaya ya ɗauko kayansa, shi ya tuƙo mu gida, Baba a baya, ba mai magana har Bagudo.

Bayan 'yan kwanaki na same shi da hantsi yana wanke motar a rumfa. Gida ya koma daidai, bakina ma ya dawo. Na ce masa shi ma dai da nasa, mutum ya yi ta zama a kan kujera tana gasa shi bai taɓa ji ba, da ya yi magana tun farko da duk ba a kai ga haka ba.

Ya ci gaba da goge gilashi. Ya ce, "Na ji mana. Kullum sahe ina ji, tun kahin Baba shi ji."

Na ce to me ya hana shi faɗa.

"Na ɗauka ɗumin Baba na. In ya dawo masallaci shina goge mota, na ɗauka shiga shikai shi zauna wurina kahin in hito." Ya matse tsumman a bokiti. "Ban hwaɗi ba don kar a yi magana shi daina."

Ya juya mini baya yana goge inda ya riga ya goge.

"Ran da kinka ce Baba na tambayar ɗumin wa na, rannan nis san ba nashi na ba. Shi yas sa nit tahi. Zargin da sauƙi, bai kai wanga ciwo ba."